Shirya motar gudu domin ranar farko a filin tsere: tambayoyi da amsoshi

An rubuta waɗannan amsoshi ne domin mai motar gudu da ke zaune a jihar Kebbi, wanda ya ƙudiri aniyar kai motarsa filin tsere karo na farko, a cikin ƙasa ko a waje. Mafi yawan abin da za a faɗa ya shafi zafi, domin zafi ne yake kayar da mota a fili tun kafin a zo maganar ƙarfin inji, mu kuwa a nan muna da shi fiye da kima.

Mece ce ranar fili, kuma da me ta bambanta da gasar tsere?

Rana ce da masu kula da filin tsere, ko wata ƙungiya da ta yi hayarsa, suke buɗe shi ga mutanen da suka zo da motocin kansu, domin kowa ya tuƙa gwargwadon iyawarsa a killatacciyar hanya wadda babu mai tahowa ta gaba kuma babu mai tsallakawa. Ba a ba da kofi, ba a jera motoci a tashe su lokaci guda, kuma a wurare da yawa an hana ɗaukar lokacin zagaye gaba ɗaya. Akan raba mahalarta rukuni-rukuni bisa ƙwarewa, kowane rukuni ya shiga na minti 15 zuwa 20 ya fito. Sabon shiga yakan samu malami ya zauna a gefensa, kuma ba a yarda ya wuce wata mota ba sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta gefen da aka ayyana, bayan na gaba ya ba shi alama.

A ina mai mota a Kebbi zai samu fili? Ba zai yiwu a gwada a hanyar Argungu da asuba ba?

Ba makawa sai an yi tafiya. A cikin ƙasa akwai filin tseren motoci a Evbuobanosa ta jihar Edo, kuma ya kamata a tuntuɓi masu shirya taron tun da wuri a ji ranakunsu da sharuɗɗansu. Wanda karatu ko kasuwanci yake kai shi waje yana da zaɓi mai faɗi: Kyalami a kusa da Johannesburg, mai tsawon kimanin kilomita 4.5, inda aka yi gasar Formula 1 ta ƙarshe a Afirka a 1993. Yas Marina a Abu Dhabi da Dubai Autodrome. Silverstone a Ingila. Da Nürburgring a Jamus, wanda tsohuwar da'irarsa ta kai kilomita 20.8, kuma bai dace ya zama wurin farawa ba. A irin waɗannan wurare ana samun hayar motar da aka riga aka shirya.

Hanyar Argungu kuwa, amsar ita ce a'a. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ga ƙananan motoci ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a hanya mai tagwayen hannu. Asubar da ake ganin hanya ta yi tsit ita ce lokacin da manoman shinkafa suke fita fadama a kan babur, amalanke take hawa kwalta ba fitila, makiyayi yake tsallakar da shanu. Masu kafa hujja da ralin motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, irin wanda aka yi a 2020 da hannun NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, su tuna cewa wancan shiri ne na hukuma, da izini da jami'an tsaro.

Shin sai na ƙara wa injin ƙarfi kafin in je?

Ko kusa. A ranar farko direba ne yake gazawa kafin mota, kuma duk dokin da aka ƙara wa inji ƙarin nauyi ne a kan birki da taya da lagireto waɗanda ba a shirya su ba. Kuɗin da za a kashe wajen taɓa kwamfutar inji ko sayen salansa mai ƙara ya fi amfani a man birki, tayoyi da kuɗin malami. Salansar ma tana iya hana mutum shiga, domin filaye da yawa a Ingila suna auna ƙarar mota da safe, iyakarsu kuma takan faɗa tsakanin desibel 98 da 105. Ƙaramar mota irin Mazda MX-5, wadda nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, ta fi koyar da sabon direba a kan Ford Mustang mai kusan kilo 1,700, kuma ba ta cin taya da birki kamar ta.

Motata ta Beljiyam ce, ban san tarihinta ba. Daga ina zan fara?

A fara da ɗauka cewa ba a taɓa canza mata komai ba, duk abin da dillali ya rantse a kai. Da yawa daga motocin gudu da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci, sannan aka gyara bodi aka yi fenti. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a gefen direba, ana iya bincikar tarihin motar da ita a intanet, har hotunanta na ranar gwanjo akan samu wani lokaci.

Bayan haka a kai ta wurin mai na'urar binciken kwamfutar mota. A kuma yi wannan ɗan gwaji: a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a kalli fuskar mita. Fitilar ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle ƙafa, da ta jakar iska da ta inji ya kamata duk su kama, sannan su mutu da kansu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam abin tuhuma ce, domin akwai masu toshe ta ko cire ta don su ɓoye matsala. Daga nan a ɗaga motar a girgiza kowace ƙafa da hannu biyu, sama da ƙasa sannan hagu da dama. Duk wasan da aka ji, ko na boris ne ko na gaɓoɓin sitiyari, sai an gyara shi. A duba shokozoba ko tana zubar da mai, a duba bel ɗin kujera ko ya tsage ko ba ya kullewa idan aka fizge shi, a tabbatar batir a ɗaure yake da ƙarfensa, ba da igiyar roba ba.

Me ya sa ake ta nanata maganar birki, alhali motata tana tsayawa lafiya lau a gari?

Domin aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha sau huɗu yake ninkawa. Mota mai nauyin kilo 1,500, idan aka rage mata gudu daga kilomita 160 a awa zuwa 60 kafin shiga kwana, zafin da yake fita a wannan taku ɗaya ya isa ya kai lita 4 na ruwa ga tafasa. A gari direba yakan yi irin wannan taku sau ɗaya ya daɗe bai sake ba. A fili kuwa sau da yawa zai yi shi a kowane zagaye, minti 20 a jere, faifan birki bai huce daga na baya ba na gaba ya iso.

Birki yana gajiya ta hanya biyu, kuma ƙafar direba ce take fara sanar da shi. Idan fad ɗin birki ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka, feda tana nan da tauri amma motar ba ta tsayawa yadda ta saba, sau da yawa kuma da warin ƙauri. Idan man birki ne ya tafasa, feda takan yi laushi ta nutse har ƙasa, domin tururi ya shiga layin, tururi kuwa yana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Na biyun ya fi haɗari. Kowanne aka ji, a rage gudu nan take a fita.

Saboda haka, fad ɗin da ya ci ya kai rabi a canza shi, domin siririn fad yana saurin miƙa zafi ga man da ke bayansa, kuma rana ɗaya a fili tana iya cinye abin da watanni a gari ba su ci ba. A saya daga inda aka amince da shi. Kwali mai sunan babban kamfani da farashi mai araha fiye da hankali alama ce ta jabu. A jikin faifan an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, sai a auna a gani, kuma faifan da tsagarsa ta kai baki ya gama aiki. Sabon fad ba a kai shi fili kai tsaye: sai an zaunar da shi a kan faifan ta hanyar rage gudu da ƙarfi daga kilomita 80 zuwa 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, a wurin da babu jama'a, sannan a yi tafiya a hankali ya huce.

Bakanikena ya ce man birkin cike yake. Me zai sa in zubar da shi?

Wannan ita ce muhawarar da kusan kowa zai yi a gareji. Bakanike zai buɗe bonet, ya leƙa ɗan tankin, ya ce, "Alhaji, ai bai ragu ba, me za a canza?" Gaskiyarsa a kan yawa, amma ba yawan ake tambaya ba. Man birki yana zuƙar laima daga iska a hankali, ta murfi da jikin tiyo, kuma ruwan da ya shige shi yana sauke ma'aunin tafasarsa. Ƙa'idar DOT, wato ma'aunin ingancin man birki da ake rubutawa a jikin kwalba, ta fayyace wannan: sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 na Salshiyas ba, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya koma 140; DOT 4 yana sauka daga 230 zuwa 155; DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Motar da ta tsallako teku a cikin jirgin ruwa, ta zauna a bakin tashar, sannan ta yi damina biyu ko uku a nan, manta ya fi kusa da ƙananan lambobin.

A zubar da tsohon gaba ɗaya, a tura sabo ta kowace ƙafa har sai an ga mai tsabta yana fita babu kumfa. DOT 4 mai inganci ko DOT 5.1 ya isa ranar farko, daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. A yi hattara da DOT 5, wanda ba shi da .1 a ƙarshen sunansa: na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS ba. A yi wannan aiki cikin makonni kaɗan kafin ranar, ba shekara guda kafin ta ba.

Wace irin taya ake bukata?

Tayar titi mai kyau ta isa, har ma ta fi dacewa da mai koyo, domin tana yin ƙara tana gargaɗi kafin ta saki ƙasa, abin da tayar tsere ba ta cika yi ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tsohuwar taya. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zobe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 tana nufin mako na 23 na 2021. Wani lokaci a gefen ciki suke, sai an durƙusa da tocila. Tayar Beljiyam mai zane raɗau tana iya zama 'yar shekara takwas, robarta ta bushe ta yi tauri, ranar Kebbi kuma tana gaggauta wannan bushewa ga motar da take kwana a waje. Wadda ta haura shekara 5 ko 6 kada a kai ta fili.

A duba harafin da ke bayan lambar girman taya, wanda yake nuna iyakar gudunta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada a sa wadda ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta. Tayoyi huɗun su zama iri ɗaya, ko aƙalla biyun gaba iri ɗaya, biyun baya iri ɗaya. Kumburi a gefe, tsaga, ko faci a gefe, duk sun fitar da taya daga lissafi. Bayan an sa su a yi saitin ƙafa.

Maganar notin ƙafa tana bukatar kulawa ta musamman. Mai faci yakan zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa har noti ya yi kuka, a ganinsa ya kyautata. Wannan ɗauri yana miƙar da kusoshin ƙafa yana raunana su, kuma a fili ne raunin yake bayyana. Kowace mota tana da ma'aunin ɗaurinta a littafinta, galibi tsakanin Nm 110 da 140, kuma sifana mai awon ɗauri tana cikin kayan da ya kamata mai mota ya mallaka da kansa. Ana duba ɗaurin ne idan ƙafa ta huce.

Iska nawa zan sa?

A fara da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe taya tana da sanyi, da geji na kanka, domin na bakin titi ba su cika yarda da juna ba. Bayan zagayen farko iskar za ta hau da psi 4 zuwa 8 saboda zafi. A auna da zarar an fito, a rage kaɗan-kaɗan har ta dawo kusa da abin da malami ko masu irin motar suka ba da shawara, a rubuta a takarda. Da yamma, bayan tayoyi sun huce, za a tarar iskar ta yi ƙasa da ta tafiya, sai an ƙara kafin a hau titi.

An cire wa motata na'urar daidaita zafin ruwa, an haɗa fanka kai tsaye. Hakan bai fi dacewa da zafinmu ba?

Wannan al'ada ta yaɗu a garejojinmu har ana yi wa mota ita tun ranar da ta iso, amma kuskure ce. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani zafi takamaimai, kwamfutarsa kuma da shi take lissafin fetur. A injuna da yawa wannan na'ura, bayan buɗe hanyar lagireto, ita ce take rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake zagayawa a cikin inji, don haka idan aka cire ta wani kason ruwan ba ya bi ta lagireto sam, sai injin ya fi zafi daidai lokacin da aka matsa masa. A mayar da ita, a mayar da fanka hannun kwamfuta.

Ruwan rijiya ko na leda da ake ɗurawa yana barin tsatsa da gishiri a cikin lagireto. A wanke shi, a sa ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce, a canza murfin lagireto idan ya tsufa, domin matsin da murfin yake riƙewa shi ne yake hana ruwan tafasa a digiri 100. A matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura a bakin ɗauri a canza shi, haka ma fanbel mai tsaga. A wanke fuskar lagireto daga ƙura da ƙwari da ƙaiƙayi, da ruwa marar ƙarfi. Wasu filaye suna da tasu doka a kan irin ruwan da za a sa, saboda santsinsa idan ya zuba, sai a tambaya.

Baƙin mai da fetur fa?

A canza baƙin mai da filta kafin ranar, a sa mai kaurin da littafin motar ya ambata. Dabi'ar zuba 20W-50 a kowace mota ba ta dace da injin da aka ƙera wa 0W-20 ko 5W-30 ba, kamar yadda siririn mai bai dace da BMW M3 ƙirar E46 ko E92 ba, wadda 10W-60 take sha. A cika shi zuwa layin sama na sandar awo, kada a wuce, domin a doguwar kwana mai yana tattaruwa gefe ɗaya, idan kuma ya yi kaɗan famfo zai zuƙi iska. A tafi da ƙarin lita ɗaya, a riƙa dubawa bayan kowace fita.

Fetur kuwa, motocin gudu da yawa suna neman mai okten 95 ko 98, wato ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa a inji, an rubuta a cikin murfin tanki, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa babu zaɓi. Injin zamani yana rage wa kansa ƙarfi idan ya ji alamar ƙwanƙwasa, amma zafi yana tsananta matsalar, wannan kuma ƙarin dalili ne na barin kwamfutar inji yadda kamfani ya saita ta. A sha mai a gidan man da aka sani, a guji na bumburutu. Mota a fili tana shan ninki biyu ko uku na abin da take sha a hanya, kuma idan tanki ya yi ƙasa da kwata tana iya shaƙewa a kwana.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi yake haura digiri 40, su ne mafi tsanani ga mota da direba, kuma ko a kudu rana tana da ƙarfi a lokacin. Hunturu ya fi sauƙi, sai dai ƙurarsa tana toshe filtar iska, don haka a sa sabuwa, kada a wadatu da busa tsohuwar. Ruwan sama ba ya hana ranar fili, yana ma koyar da taushin hannu, matuƙar taya tana da zane. Direba a cikin hular kwano, gilashi a sauke ko a rufe bisa dokar wurin, yana zubar da gumi sosai, ƙishirwa kuma tana rage hankali tun kafin mutum ya ankara. Saboda haka ya fi kyau a zaɓi ranar da ba ta faɗo cikin azumi ba.

Me zan sa a jikina?

Riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga, da rufaffen takalmi mai siririn ƙasa wanda ƙafa za ta ji feda ta cikinsa. Babbar riga da doguwar kaftani suna naɗe hannu da giya, silifas kuma yana zamewa ya shige ƙarƙashin feda. A ajiye su sai an tashi. Hular kwano dole ce, kuma ba irin ta 'yan kabu-kabu da ake sayarwa a bakin kasuwa ba. A nemi mai shaidar Snell SA2020 ko FIA 8859-2015. Wurare da yawa suna karɓar ta babur mai shaidar ECE 22.05 ko 22.06 daga sabon shiga. Ta kama kai sosai, kuma a zauna da ita a cikin motar tun a gida a ga ko tana taɓa rufi. Mai motar da ake buɗe samanta ya tambaya tun da wuri, domin wasu filaye ba sa karɓarta sai da ƙarfen kariya a bayan kujera.

In tuƙa ta zuwa can ko in ɗora ta a babbar mota? Inshorata za ta biya idan wani abu ya faru?

Motar gudu tana kusa da ƙasa, tayarta siririya ce, tafiyar da ta bi ta Jega, Koko, Yauri zuwa Kontagora kuma doguwa ce. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya ɓata saitin ƙafar da aka biya kuɗi aka yi. Ɗora ta ya fi, kuma yana warware matsalar komowa idan ta lalace a can. Wanda ya tuƙa ta ya isa kwana ɗaya kafin ranar, ya sake duba tayoyi da ƙafafu, ya riƙe lasisi da takardun kwastan da na mota cikakku.

Inshorar dole ta naira 15,000 da ƙananan motoci suke biya tun Janairun 2023 ɓarnar da aka yi wa wani take ɗauka, ba gyaran motar mai ita ba. Ko cikakkiyar inshora ma ta saba cire tsere da gwajin gudu daga abin da take biya. A tambayi kamfanin a rubuce. A fili kuma za a ba ka takarda ka sa hannu cewa ka ɗauki alhakin kanka da motarka, wasu wuraren har da kuɗin shingen da ka fasa.

Me ake yi da safiyar ranar?

A kwashe komai daga cikin mota da but: darduma, carbin da ke rataye a madubi, kwalbar turare, cajar waya, jak, da shimfiɗar ƙafa ta gefen direba, domin duk abin da ba a ɗaure ba zai tashi a birki na farko. A ɗaura ƙugiyar jan mota a mazauninta na gaba. A gyara kujera yadda za a taka birki har ƙarshe gwiwa tana ɗan lanƙwashe, kuma idan aka miƙa hannu wuyan hannu ya sauka a saman sitiyari kafaɗa ba ta bar kujera ba.

Jawabin safe wajibi ne, a nan ake bayanin tutoci. Kore tana nufin hanya a buɗe take. Rawaya, akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma ba wucewa. Ja, an dakatar da zagayen. Shuɗiya, mai sauri yana bayanka. Baƙa, kai ake kira ka fito. Mai ratsin rawaya da ja, akwai mai ko wani abin santsi a kwalta. Mai gida-gida baƙi da fari, lokaci ya cika. Kowane fili yana da ɗan bambanci a yadda yake amfani da su, abin da aka faɗa a jawabin shi ne doka.

In kashe na'urar hana zamewa?

Kada a kashe ta a ranar farko. Idan fitilarta tana yawan ƙiftawa, tana gaya maka ne cewa ka shiga kwana da gudun da ya yi yawa ko ka taka totur da wuri, gyaran kuma a ƙafarka yake. A gama birki tun motar tana miƙe, a juya sitiyari a hankali da hannu biyu, a kai ido inda ake son zuwa, ba kan bonet ko shingen da ake tsoro ba, sannan a ƙara totur gwargwadon yadda ake warware sitiyari. A riƙa duba madubi, a ba mai sauri hanya a inda aka halatta.

Me zan yi tsakanin fita da fita, da kuma bayan an tashi?

Zagayen ƙarshe na kowace fita na hucewa ne, a yi shi ba tare da taka birki sosai ba. Idan aka tsaya kada a ja birkin hannu, domin fad mai zafi yana manne wa faifai ya bar masa tabo wanda zai riƙa girgiza sitiyari daga baya. A sa giya ko a tare taya da katako. A buɗe bonet, a bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye na minti biyu ko uku, musamman mai turbo, kuma kada a taɓa murfin lagireto yana da zafi. A leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, a duba kaurin fad ta tsakanin rim da tocila, a sha ruwa, a zauna a inuwa. Idan gajiya ta fara sa kuskure da la'asar, a haƙura da fitar ƙarshe.

Bayan an dawo gida a sake ɗaga motar. A duba fad da faifai, gefen waje na tayoyin gaba inda aka fi ci, ɗaurin noti, da wasan boris. Idan feda ta yi laushi ko sau ɗaya a ranar, a sake tura sabon man birki. Idan allurar zafi ta taɓa haura inda ta saba, a sa ido a kan ruwan lagireto na mako biyu, domin raguwarsa ba tare da ɗigo a ƙasa ba tana iya nuna gasket ya fara ƙonewa. Takardar da aka rubuta iskar taya da yawan man da aka ƙara a ajiye ta tare da littafin motar, da ita za a fara saitin ranar fili ta gaba.